Likitocin Yara da Shirin Rigakafi a Ƙasashe Masu Tasowa: Tambayoyi da Amsoshi

Rigakafin yara aiki ne da ya rataya a wuyan gwamnati, kuma a kusan dukkan ƙasashe masu tasowa ma'aikatan jinya da ungozomomi da ma'aikatan lafiya na matakin farko ne ke gudanar da shi yau da gobe. Duk da haka, ana ƙara jawo likitocin yara da ƙungiyoyinsu cikin wannan aiki, kuma hakan ya kan tayar da tambayoyi a wajen iyaye da ma'aikatan lafiya da masu tsara manufofi. Ga waɗanda aka fi yi, tare da amsoshinsu.

Ina aka kwana a batun rigakafin yara a duniya?

A shekarar 1974 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato WHO, ta ƙaddamar da shirin faɗaɗa rigakafi, a lokacin da yaran ƙasashe masu tasowa da ke samun allurai ba su kai kashi 5 cikin ɗari ba. An fara ne da cututtuka shida: tarin fuka, mashaƙo, tarin shiƙa, tetanus mai sarƙe haƙora, shan inna da ƙyanda. A 1980 aka ayyana kawar da agana daga doron ƙasa. A 1988, lokacin da aka ƙulla aniyar kawar da shan inna, cutar tana nakasa yara kimanin dubu 350 kowace shekara a ƙasashe 125, amma a yau Afghanistan da Pakistan ne kaɗai asalin ƙwayar cutar ba ta taɓa yankewa a cikinsu ba, kuma a watan Agustan 2020 aka tabbatar da cewa nahiyar Afirka ta rabu da ita. Wani nazari da WHO ta jagoranta, wanda aka fitar a 2024, ya ƙiyasta cewa rigakafi ya ceci rayuka miliyan 154 cikin shekaru 50, kuma mafi yawansu jarirai ne.

Sai dai ci gaban ya tsaya cik tun kafin annobar korona, sannan annobar ta mayar da hannun agogo baya. Yaran da suka kammala allurai uku na mashaƙo da tetanus da tarin shiƙa sun sauka daga kashi 86 cikin ɗari a 2019 zuwa kashi 81 a 2021, kuma a 2023 adadin bai wuce kashi 84 ba. A wannan shekarar yara miliyan 14.5 ne ba su samu ko da allurar farko ba. Wannan giɓi shi ne dalilin da ya sa ake neman duk wani hannu da zai iya taimakawa.

Tun da ma'aikatan jinya ne ke yin allurar, mene ne na likitan yara a ciki?

Gaskiya ne cewa likitan yara ba shi ne ke riƙe da sirinji a yawancin cibiyoyi ba, kuma babu mai hankalin da zai so a ɗauke shi daga gadon yaro mai suma a mayar da shi layin allura. Amfaninsa yana wasu wurare ne da shirin rigakafi ya fi rauni a cikinsu. Shi ne ke ganin yaron da ƙyanda ta kwantar da wanda sanƙarau ya kurmantar, don haka shi ne shaida na farko a kan inda rigakafi ya gaza. Shi ne ke koyar da ɗaliban likitanci da na jinya, don haka abin da ya ɗauka da muhimmanci su ma za su ɗauka. Maganarsa tana da nauyi a kunnen iyaye da 'yan jarida da 'yan majalisa. Kuma idan wani yaro ya kamu da rashin lafiya bayan allura, shi ake kira ya tantance ko allurar ce sanadi ko wani abu dabam.

Likitocin yara ƙalilan ne a waɗannan ƙasashe. Dogaro da su ba ɓata ƙarfi ba ne?

Ƙarancinsu gaskiya ne. Wani bincike da aka wallafa a 2019 ya nuna cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi likitocin yara ba su kai ɗaya ga kowane yara dubu 100 ba, alhali a ƙasashe masu arziki sun haura 70. Ƙari a kan haka, ƙalilan ɗin da ake da su sun taru ne a manyan birane da asibitocin koyarwa, nesa da ƙauyukan da yara suka fi rasa allura.

Wannan ƙaranci shi ne ya kamata ya tsara yadda za a yi amfani da su. Likita ɗaya ba zai iya yi wa yara dubu ɗari allura ba, amma zai iya horar da ma'aikata hamsin waɗanda za su yi, zai iya gyara ƙa'idar asibitin da dubban yara ke shiga kowane wata, kuma zai iya yin bayani a rediyo wanda iyaye masu yawa za su saurara. Haɗin gwiwar da ya fahimci wannan yana ninka amfanin likita. Wanda bai fahimta ba yakan ƙare ne a tarukan otal da hotuna, ba tare da yaro ko ɗaya ya ƙaru a rajista ba.

Me ake nufi da "damar da ta kuɓuce", kuma me ya sa ake yawan ambatonta?

Ana faɗin haka ne idan yaron da ya cancanci allura ya shiga cibiyar lafiya saboda kowane dalili, sannan ya fita ba a yi masa ba. Wata uwa ta kawo jaririnta saboda tari, an duba shi an rubuta magani, babu wanda ya tambaye ta katin rigakafi. Wata ta zo awon ciki da ɗanta mai wata goma a goye, wanda lokacin allurar ƙyandarsa ya wuce, babu wanda ya lura. An kwantar da yaro mako guda saboda tamowa, an sallame shi ba tare da an duba allurai nawa ya rasa ba. Wani bitar bincike-bincike da aka yi a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi ya gano cewa kusan ɗaya cikin kowane yara uku da suka je cibiyar lafiya sun fita da allurar da ya kamata a yi musu ba a yi ba.

A ganina wannan shi ne wurin da likitocin yara suka fi kowa iya kawo sauyi, domin yaron ya riga ya zo da kansa, uwarsa ta riga ta biya kuɗin mota ta bar aikinta, ba a buƙatar mota ko man fetur ko tawagar da za ta bi gida-gida. Abin da ya rage shi ne tsari. Dalilan da ke sa damar ta kuɓuce sanannu ne: ɗakin duba marasa lafiya da ɗakin rigakafi ba sa magana da juna; ana yin allura ne a wasu ranaku kaɗai na mako ko da safe kawai; ma'aikaci yana jin tsoron buɗe kwalba mai ɗauke da allurar yara goma saboda yaro ɗaya, don kada a tuhume shi da almubazzaranci; ko kuma an ɗauka cewa yaron da ya haura shekara ɗaya lokacinsa ya wuce.

Kowanne daga cikin waɗannan yana da magani, kuma shugaban sashen yara na asibiti yana da ikon zartar da shi. Zai iya sanya duba katin rigakafi cikin abubuwan da ake yi wa kowane yaro tun daga ƙofa, kamar yadda ake auna nauyinsa da zafin jikinsa. Tsarin kula da cututtukan yara a dunƙule da WHO da UNICEF suka fitar a tsakiyar shekarun 1990 ya riga ya tanadi haka, aiwatarwa ce ke da rauni. Zai iya hana sallamar yaro daga gado sai an duba katinsa. Zai iya tsayawa a bayan ma'aikaciyar jinyar da ta buɗe kwalbar ƙyanda saboda yaro ɗaya, domin asarar sauran abin da ke cikin kwalba ta fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan yaron da zai tafi bai dawo ba. Kuma zai iya tabbatar da cewa ɗakin haihuwa yana da allurar ciwon hanta nau'in B a shirye dare da rana, tun da ana son jariri ya same ta cikin awa 24 da haihuwa.

Ana iya yi wa yaro marar lafiya allurar rigakafi?

A mafi yawan lokuta, e. Mura, tari, ɗan zazzaɓi, gudawa marar tsanani, shan maganin kashe ƙwayoyin cuta, tamowa, ko kasancewar jariri bakwaini, babu ɗaya daga cikinsu da ke hana allura. Hasali ma yaro mai tamowa ya fi kowa buƙatar allurar ƙyanda, domin shi cutar ta fi saurin kashewa.

Abubuwan da ke hanawa da gaske ba su da yawa. Yaron da ya taɓa samun mummunan borin jiki mai toshe numfashi bayan wata allura ba a sake yi masa irinta. Yaron da garkuwar jikinsa ta yi rauni ƙwarai, kamar mai shan maganin daji, ba a ba shi alluran da ke ɗauke da ƙwayar cuta mai rai da aka raunana. Jaririn da ke nuna alamun cutar HIV ba a yi masa allurar tarin fuka ta BCG a wannan hali. Wanda ke cikin ciwo mai tsanani kuma akan jira ya farfaɗo, sannan a yi masa kafin ya bar asibiti. Ma'aikata da yawa suna mayar da yara gida saboda tsoron da bai da tushe, kuma ba za su daina ba sai wanda suke ganin girman iliminsa ya faɗa musu da bakinsa cewa babu komai.

Akwai kuma wata ƙa'ida da ya kamata kowa ya sani: idan yaro ya tsallake lokacin wata allura, ba a komawa farko, ana ci gaba ne daga inda aka tsaya.

Mece ce rawar ƙungiyoyin likitocin yara, bayan ta likita shi kaɗai?

Kusan kowace ƙasa tana da ƙungiyar likitocin yara, kuma akasarinsu suna ƙarƙashin inuwar ƙungiyar likitocin yara ta duniya, wadda aka kafa a birnin Paris a 1910. Ta Indiya an kafa ta a 1963, ta Najeriya kuma a 1968. Ƙungiya tana iya abin da mutum ɗaya ba zai iya ba: tana fitar da matsaya wadda dukkan membobinta za su bi, tana shirya horo na ci gaba da ƙaro ilimi, kuma tana da kujera a teburin da ake yanke shawara.

Teburin da ya fi muhimmanci shi ne kwamitin ƙwararru masu ba gwamnati shawara kan rigakafi, wanda WHO ta buƙaci kowace ƙasa ta kafa. WHO tana da nata kwamitin tun 1999 wanda ke ba da shawara ga duniya baki ɗaya, amma shawarar ko wata allura ta dace da wata ƙasa, a wane shekaru za a yi ta, kuma wacce za a fara shigowa da ita idan kuɗi bai isa duka ba, wannan na 'yan ƙasa ne. Likitocin yara suna kawo wa irin wannan kwamiti sanin abin da ke kashe yara a gadajen asibiti, wanda alƙaluman takarda ba sa nunawa dalla-dalla.

Yaya suke taimakawa wajen sa ido a kan cututtuka?

Shirin kawar da shan inna ya dogara ne da rahoton duk wani yaro ɗan ƙasa da shekara 15 da gaɓarsa ta saki farat ɗaya, tare da ɗaukar samfurin bayan gidansa sau biyu cikin kwana 14 da fara ciwon. Likitan da bai kai rahoto ba ya rufe wa shirin ido a yankinsa. Haka ma ƙyanda da mashaƙo: wanda ya fara ganin yara uku daga unguwa ɗaya da farin abu a maƙogwaro shi ne ke da damar yin gargaɗi kafin annoba ta bazu, irin wadda ta ɓarke a sansanonin 'yan gudun hijirar Rohingya a Bangladesh a 2017, da wadda ta addabi Najeriya da Nijar da Gini a 2023.

Akwai kuma asibitocin da aka keɓe domin tattara bayanai a kan gudawar da ƙwayar rota ke haddasawa da kuma sanƙarau da ciwon huhu. Bayanan da sassan yara na waɗannan asibitoci suka tara su ne suka nuna wa gwamnatoci girman matsalar kafin su amince su shigo da sababbin allurai, kuma su ne suka nuna raguwar masu kwanciya bayan an shigo da su. Ministan kuɗi ya fi saurin gamsuwa da alƙaluman da aka samo daga asibitocin ƙasarsa.

Me za su iya yi game da jita-jita da ƙin amincewa da allura?

A 2019 WHO ta sanya ɗari-ɗari da rigakafi cikin manyan barazana goma ga lafiyar duniya, kuma tarihi ya nuna tsadar abin. A 2003 an dakatar da rigakafin shan inna a wasu jihohin arewacin Najeriya saboda zargin cewa an gurɓata maganin, ba a dawo da shi gaba ɗaya ba sai a 2004, bayan an yi gwaje-gwaje an kuma samo maganin daga Indonesiya, amma sakamakon haka cutar ta bazu zuwa ƙasashe kimanin 20. A Filifin, taƙaddamar da ta tashi a ƙarshen 2017 kan allurar zazzaɓin dengi mai suna Dengvaxia ta sa iyaye suka guje wa dukkan allurai, sai ga annobar ƙyanda a 2019 wadda ta kashe ɗaruruwan mutane, kuma shan inna ya sake bayyana a ƙasar a wannan shekarar. A Pakistan, amfani da rigakafin bogi da hukumar leƙen asirin Amurka ta yi a 2011 wajen neman Osama bin Laden ya ƙara wa masu zargi hujja, kuma an kashe ma'aikatan rigakafi da dama a shekarun da suka biyo baya.

Abin lura a waɗannan misalai shi ne, tsoron iyaye bai faɗo daga sama ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Uwar da ke ganin ana bin ta har gida da ɗigon shan inna kyauta sau da yawa a shekara, alhali idan ɗanta ya kamu da zazzaɓi ba ta samun magani a asibiti sai ta saya, tana da dalilin yin tambaya, kuma raina tambayarta yana ƙara mata nisa ne kawai.

Likitan yara yana da wata dama da jami'in gangami ba shi da ita: ya taɓa ceto ɗan wannan uwa ko ɗan maƙwabciyarta, don haka amana ta riga ta shiga tsakaninsu. Bincike a ƙasashe daban-daban yana nuna cewa shawarar ma'aikacin lafiya tana cikin abubuwan da suka fi tasiri a kan hukuncin iyaye. Yadda ake faɗa ma yana da tasiri. Likitan da ya ce, "Yau lokacin allurar ƙyandarsa ne, za mu yi masa kafin ku tafi," sannan ya tsaya ya saurari duk wata damuwa, ya fi samun karɓuwa a kan wanda ya yi maganar kamar shi ma yana shakka. Wajibi ne kuma ya faɗi gaskiya tun kafin allura: cewa jikin yaro na iya yin zafi kwana ɗaya ko biyu, wurin allurar na iya kumbura, kuma BCG takan bar ɗan ƙurji da tabo. Uwar da aka gaya wa haka ba za ta firgita ba idan ya faru, kuma za ta dawo a yi na gaba.

Ya kamata a ƙara da cewa ba duk yaron da ya rasa allura ne iyayensa suka ƙi ba. Da yawa sun je sun tarar babu maganin, ko babu ma'aikaci, ko an yi musu tsawa saboda sun ɓatar da kati. Ɗora wa iyaye laifin abin da tsarin lafiya ya gaza yi zalunci ne, kuma likitoci suna cikin waɗanda ya kamata su fito su faɗi haka.

Idan allura ta haifar da matsala fa?

Mummunan borin jiki yana faruwa ne kusan sau ɗaya cikin allurai miliyan ɗaya, kuma yana da magani idan akwai allurar adirinalin a kusa da wanda ya san yadda ake amfani da ita. Abin da ya fi yawa shi ne kuskuren ma'aikata, kamar haɗa magani da ruwan da ba nasa ba, ko amfani da kwalbar ƙyanda ko BCG bayan awa shida da haɗa ta. A ƙasar Samoa, a watan Yulin 2018, jarirai biyu sun mutu bayan an haɗa musu allurar ƙyanda da maganin sassauta jijiya a maimakon ruwan da aka tanada. An dakatar da allurar tsawon watanni, iyaye suka tsorata, sannan a ƙarshen 2019 ƙyanda ta kashe mutane 83, akasarinsu ƙananan yara, a ƙasar da al'ummarta ba ta wuce kimanin dubu 200 ba.

Darasin da ke ciki shi ne a yi bincike cikin gaggawa, a faɗi sakamakon a fili, a gyara kuskuren, kuma kada a bar iyaye cikin duhu. Kwamitocin da ke tantance irin waɗannan aukuwa suna buƙatar likitocin yara, domin jarirai suna kamuwa da cututtuka iri-iri a daidai watannin da ake musu allurai, kuma raba abin da ya zo tare da allura da abin da allura ta haddasa aiki ne na ƙwararre.

Asibitoci masu zaman kansu suna cikin wannan lissafi?

Dole ne su shiga, domin a birane da yawa na Asiya da Afirka iyaye masu yawa can suke kai 'ya'yansu, kuma likitocin yara da dama can suke aiki. Tsarin da aka fi bi shi ne gwamnati ta ba su allurai kyauta, su kuma su bi jadawalin ƙasa, su yi amfani da katin gwamnati, su aika da rahoto kowane wata. Inda ba a yi haka ba, yaran da aka yi wa allura ba sa shiga lissafi, kuma babu mai duba yadda ake adana maganin.

Adanawa ba ƙaramin abu ba ne. Yawancin allurai suna buƙatar sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Salshiyos. Kowa ya san zafi yana lalata su, shi ya sa tun 1996 aka fara manna wa kwalabe wata alama mai canza launi idan zafi ya yi musu yawa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne daskarewa ma tana lalata wasu, kamar allurar nan mai haɗe da rigakafin cututtuka biyar da ta ciwon hanta da ta ciwon huhu, kuma firij irin na gida yakan daskarar da abin da ke kusa da wurin ƙanƙara. Yaron da aka yi wa lalatacciyar allura yana da kati cikakke amma ba shi da kariya. Ƙungiyar likitoci ita ce ta fi dacewa ta sa membobinta su kiyaye waɗannan ƙa'idoji, tun da sun fi jin maganar takwarorinsu a kan ta mai duba gari.

Batun kuɗi fa? Ina ruwan likita da kasafi?

Tun kafa Gavi, ƙawancen duniya mai tallafa wa rigakafi, a shekarar 2000, ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi suna samun allurai da tallafi, kuma yaran da suka amfana sun haura biliyan ɗaya. Amma tallafin yana da sharaɗi: ƙasa tana biyan wani kaso, wanda ke farawa daga santi 20 na dalar Amurka a kan kowace allura, yana ƙaruwa yayin da tattalin arzikinta ke bunƙasa, har ta kai ga ɗaukar nauyin gaba ɗaya. Ƙasar da ta yi jinkirin sakin kuɗinta takan wayi gari da firij babu magani. Shugabannin Afirka sun yi alƙawari a Abuja a 2001 cewa za su ware kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu ga lafiya, sannan a Addis Ababa a 2017 sun amince da wata sanarwa ta musamman kan rigakafi, amma ƙasashe ƙalilan ne suka cika alƙawarin na Abuja.

Ma'aikacin gwamnati da ke shugabantar shirin rigakafi ba ya iya fitowa ya soki ma'aikatar kuɗi. Shugaban ƙungiyar likitocin yara yana iya zuwa gaban majalisa ya faɗi yara nawa ƙyanda ta kwantar a asibitocin ƙasar a bana. A wannan lokaci da tallafin ƙasashen waje ke raguwa, irin wannan murya tana da matuƙar amfani.

Akwai haɗari a cikin wannan haɗin gwiwa?

Akwai, kuma gara a faɗe shi. Na farko shi ne alaƙa da kamfanonin magunguna, waɗanda sukan ɗauki nauyin tarukan likitoci. Idan ƙungiya ta goyi bayan wata allura alhali mai sayar da ita ne ya biya kuɗin taronta, ko da shawarar daidai ce, an ba masu zargi makami. Don haka duk wanda zai zauna a kwamitin ba da shawara ya bayyana alaƙarsa da kamfanoni a rubuce, ya kuma janye idan ana tattauna abin da ya shafe su.

Na biyu shi ne jadawali biyu. Inda ƙungiyar likitoci ta fitar da nata jadawalin mai ƙarin allurai na kuɗi, iyaye talakawa na iya ɗauka cewa na gwamnati ba shi da kyau. Wajibi ne a bayyana cewa alluran gwamnati ingantattu ne kuma su ne ginshiƙi. Na uku shi ne girman kai: likitan da ya shigo yana ba da umarni ga ma'aikaciyar jinyar da ta shekara ashirin tana wannan aiki, ba tare da ya tambaye ta abin da ta sani ba, zai ɓata fiye da abin da zai gyara.

Sababbin allurai sun ƙara buƙatar likitocin yara?

Sun ƙara. Misali mafi kusa shi ne na zazzaɓin cizon sauro. WHO ta amince da allurar RTS,S a watan Oktoban 2021 bayan gwaji a Ghana da Kenya da Malawi tun 2019, inda mace-macen yaran da suka kai shekarun allurar suka ragu da kashi 13 cikin ɗari, sannan ta amince da R21 a Oktoban 2023, kuma Kamaru ta sanya allurar cikin jadawalinta a Janairun 2024. Ana yin ta sau huɗu, na ƙarshe a shekara ta biyu ta rayuwar yaro, kuma ba ta ba da cikakkiyar kariya, don haka gidan sauro da maganin zazzaɓi suna nan daram. Bayyana wa uwa cewa ɗanta zai iya kamuwa da zazzaɓi ko bayan allura, amma duk da haka allurar tana da amfani, yana buƙatar wanda ya fahimci batun sosai.

Shekara ta biyu ita ce inda yara suka fi sulalewa, domin iyaye da yawa sun saba cewa rigakafi yana ƙarewa a wata tara. A 2023 kashi 83 cikin ɗari na yaran duniya ne suka samu allurar ƙyanda ta farko, kashi 74 kuma ta biyu, alhali ana buƙatar kashi 95 a dukkan biyun kafin a hana annoba.

Yaran da ba sa zuwa asibiti sam, likitan yara zai iya kai musu?

Da wuya kai tsaye. Fiye da rabin yaran da ba su taɓa samun allura ba suna ƙasashen da ke fama da rikici ko raunin hukuma, sauran kuma suna ƙauyuka masu nisa, ko cikin makiyaya, ko unguwannin talakawa na manyan birane. Waɗannan aikin ma'aikatan da ke cikin al'umma ne, irin waɗanda Habasha ta ƙaddamar da shirinsu a 2003, da gangami irin wanda Indiya ta ƙaddamar a Disamban 2014 domin gundumomin da aka bari a baya. Gudummawar likita a nan ita ce ya rubuta daga wace unguwa ko ƙauye kowane yaro mai ƙyanda ya fito, ya miƙa wa masu tsara fita yin allura a cikin al'umma, ya kuma goyi bayan a biya waɗannan ma'aikata haƙƙinsu a kan lokaci.

Yaya za a gane cewa haɗin gwiwar yana aiki?

Yawan tarukan da aka yi ko takardun fahimtar juna da aka sanya wa hannu ba su ne ma'auni ba. Abin da za a duba yana cikin rajistar asibiti. Cikin yaran da aka sallama daga gado a watan jiya, nawa aka duba katinsu, kuma nawa aka cike musu abin da suka rasa? Cikin jariran da aka haifa a asibitin, nawa suka samu allurar ciwon hanta cikin awa 24? Cikin waɗanda suka fara allurai ukun nan na mashaƙo da tetanus da tarin shiƙa, nawa suka kammala, tun da giɓin da ya haura kashi 10 cikin ɗari tsakanin ta farko da ta uku alama ce ta matsala? Asibitoci masu zaman kansu nawa ne suka aiko da rahoto, kuma kwana nawa aka yi babu magani a firij? Ajandar rigakafi ta 2030, wadda ƙasashen duniya suka amince da ita, tana son a kai kashi 90 cikin ɗari a manyan allurai, a kuma rage yawan yaran da ba su taɓa samun allura ba da rabi. Ma'aikatar lafiya da ƙungiyar likitocin yara za su iya zama tare kowane wata uku su duba waɗannan alƙaluma jiha-jiha ko gunduma-gunduma, su sanya sunan wanda zai gyara kowane giɓi da ranar da zai kawo rahoto.